Ruwan filasma da gilashin wayarka

Tambaya: Malam, ni mai gyaran waya ne a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Ƙanina ɗalibin kimiyya ya ce yanzu da ruwan da aka ratsa da "filasma" ake haɗa sinadaran nano. Shi ne ruwan da ake kawo mana a 'yar kwalba, a ce in an shafa wa sikirin ba zai fashe ba?

Amsa: Malam, ƙaninka bai yi ƙarya ba, amma hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Filasma dai ka sha ganinta. Shuɗin hasken nan da ke tashi a bakin sandar mai walda, da walƙiyar damina, duk ita ce: iska ce da lantarki ya farfasa ƙwayoyinta. Irving Langmuir na Amurka ne ya raɗa mata sunan a 1928.

Idan aka kunna ta a saman ruwa, sai ruwan ya yi tsami, ya kuma tara naitiret (sinadarin da ake samu a takin zamani) da ɗan haidirojin feroksayid, irin wanda ake sayowa a kemis a wanke ciwo yana kumfa. A tsoma tutiya ko jan ƙarfe a ciki, ruwan ya riƙa cin fuskarsa. Tsatsa ce fa, dangin farin garin da ke fitowa a kwanon rufi in ya sha danshi, sai dai wannan ana juya ta yadda ake so. A madubin ƙara girma mai ƙarfi sosai za ka gan ta tsinke-tsinke ko kamar furanni, kaurin wasu bai kai nanomita 100 ba, alhali silin gashi ɗaya ya kai kusan 80,000. Irin wannan tsatsa mai matuƙar ƙanƙanta ita ce sinadarin nano da ƙaninka yake nufi. Ƙanƙantar nan ce kasuwarta, domin fuskar da ke taɓa iska ta yawaita, shi ya sa ake gwada ta a na'urorin sunsuno gas da tace ruwa. Abin da ya fi burge ni, ana rage amfani da sinadarai masu guba. Sai dai har yanzu galibin aikin yana ɗakin gwaji.

Wayarka ma tana da irin wannan shimfiɗa: oksayid na indiyom da kuza, mai ratsa haske da ɗaukar lantarki, wanda tacin sikirin ya dogara da shi. Da filasma ake fesa shi a masana'anta, cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, ba ruwa ko ɗigo.

'Yar kwalbarka kuwa yawanci silika ce, dangin yashi. Tana iya sa sikirin santsi, ta rage ƙananan karce. In waya ta faɗi a siminti, ba ta da ta cewa. Ka ci gaba da liƙa wa kwastomominka gilas-gad.