Darussa tara a WAEC ba su yi wa yaro yawa ba?

Hajiya, kin tambaya ko ba wahalar banza ba ce yaro ya ɗauki darussa takwas ko tara a WAEC tunda huɗu kawai JAMB ke nema. Ni dai gaskiya ban ga laifin yawan ba, ɗan shekara 15 bai gama sanin kansa ba balle abin da zai zama. Ƙanena an cusa shi ajin kimiyya wai sai ya zama likita, ashe zuciyarsa na kan labarin ƙasa, da ba a koyar da shi ba ina zai gano?

Abin da ke ƙona min rai koyarwar ce, a yi ta kwafar rubutu daga allo a haddace a juye ranar jarrabawa, yaro ya gama sakandare wallahi wasiƙa shafi ɗaya ta gagare shi. A zaure fa ba haka ake ba, sai ka sauke Ahalari malam ya gamsu kafin ka taɓa Ishmawi, Iziyya kuwa sai can gaba.

Ki bar shi ya yi taran, amma lissafi da Turanci ki zaunar da shi kullum bayan magariba ya yi miki bayani da bakinsa.