Amsa ga 'yar'uwar da aka ce ta canza wa ɗanta suna Yakubu

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki cewa kin sa wa ɗanki sunan surukinki Yakubu, wata kuma ta ce miki ma'anarsa mayaudari ne ki canza, sai da jikina ya yi sanyi, don ni ma sunana ke nan kuma na ɗanɗana.

Ina ɗan shekara 19 aka yi taron falkaswa a cocinmu, baƙon mai wa'azi ya ce duk mai suna Yakubu ya fito gaba. Mu huɗu muka fito, ni har da murmushi, na ɗauka albarka za a sa mana. Mutumin nan ya dafa kaina da hannunsa duk gumi, ya ce ruhun zamba ke bin sunan, mai hulɗar kuɗi da mu ya yi hattara. Ina hango mamata cikin zumuntar mata ta sunkuyar da kai ta rufe fuska da mayafi. Lokacin ni ne ma'ajin matasa, ko sati biyu ba a yi ba aka karɓe littafin kuɗin a hannuna, ba a ce na ci ko kwabo ba. Shi kuwa ya karɓi ambulan ɗinsa ya hau mota, ko waiwaye bai yi ba, ya bar ni da kunyar da ta hana ni zuwa coci wata da watanni.

Daga baya na zauna na bincika. A Ibrananci Ya'akob ne, yana da dangantaka da akeb wato diddige, don a Farawa 25:26 an haifi Yakubu na Littafi Mai Tsarki riƙe da diddigen ɗan'uwansa Isuwa. Wanda ya juya sunan zuwa zamba Isuwa ne a Farawa 27:36, cikin ɗacin rai an ƙwace masa albarka. Maganar mai fushi ce fa. Masana da dama ma na ganin asalinsa Ya'akob-El ne, wato Allah ya kiyaye.

Za a ce miki ai an mai da sunansa Isra'ila a Farawa 32:28. Haka ne, amma shekaru aru-aru bayan mutuwarsa, a Fitowa 3:6, wa Allah ya ce wa Musa shi ne? Allah na Yakubu. Yesu ya maimaita a Matiyu 22:32, ɗan'uwansa ma Yakubu ne sunansa. Sunan da Allah ya jingina da nasa, wa zai ce la'ananne ne?

Kar ki canza, kar ki ba kowa kuɗin addu'ar raba shi da suna. Kar ma zancen ya kai kunnen surukinki, tsohon zai ji ciwo. Ita matar kuma ki bar ba ta yaron ta ɗauka, ni dai da haka zan yi. In ya yi wayo ki karanta masa Ishaya 43:1, ita mamata ta riƙa karanta mini da daddare lokacin da ba na iya barci.