Tambaya da Amsa: Yaushe ake kiran mai wayarin, kafin filasta ko bayanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina ginin gida ne mai ɗaki uku da falo, an kai linta ana shirin rufi, birkilana ya ce in bar maganar wuta sai an gama filasta tukun, wani abokina kuma ya ce kuskure ne babba. Wa zan bi a cikinsu? Kuma me zan tanada kafin mai wayarin ya zo, don ni gaskiya ban san komai a harkar wuta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Abokinka ne ke da gaskiya, kai ni a wajena ma ka ɗan makara. Birkilan ba mugunta yake nufi ba, so yake ya gama nasa aikin ba wani ya zo yana sassaƙa masa bango ba, amma in ka bi tasa abu biyu ne za su same ka, ko dai a zo da kurfi da guduma a farfasa filastar da ka biya aka yi don a binne fayif ɗin da waya za ta bi ta ciki, ko a bi saman bango da waya ta zama kamar yaɗon kabewa a sabon gida. In kuma rufin kankare za ka zuba, wato dakin, to maganar ta fi haka tsanani, don fayif ɗin fitilun sama da na fanka dole a shimfiɗa su a tsakanin rodi kafin a zuba kankare, in ya bushe shike nan.

Abin da nake so ka yi tun wannan satin, ka ɗauki alli ka shiga ginin kai da uwargida, ita ta fi ka sanin inda firiji zai zauna da inda za a riƙa guga. Ku bi ɗaki ɗaki ku zana a bango, nan gado, nan talabijin, nan madubi, nan esi. Ku duba ta inda kowace ƙofa za ta buɗe, don na sha shiga gida mai kyau in tarar makunnin fitila yana bayan ƙofa, sai ka shiga cikin duhu ka rufe ƙofar ka lalubo shi. Soket kuwa duk adadin da ranka ya ba ka ka ƙara a kai, kowane gefen gado ya samu nasa, kicin ya fi ko'ina buƙata, kuma a nesanta su da wurin wanke-wanke. Yawanci ana sa soket wajen santimita 45 daga ƙasa, makunni kuma wajen 120. Gidan da aka yi rowar soket shi ne za ka ga an cika shi da ekistanshin, wannan a jone da wancan, kuma daga nan gobara ke yawan tashi.

Sai lissafin lodi, kar sunan ya ba ka tsoro. Ka rubuta duk kayan wutar da kake da su da waɗanda kake burin saya nan da shekara biyar, a jikin kowanne akwai lambar wat ɗinsa. In ka raba wat da bolt za ka samu amp, wato ƙarfin wutar da za ta bi cikin wayar. Inda ake amfani da bolt 230, butar dafa ruwa mai wat 2000 tana jan kusan amp 9, hitar wanka mai wat 3000 tana jan amp 13, shi kuwa ƙwan fitila na zamani mai wat 10 ko kashi ɗaya cikin goma na amp ɗaya bai kai ba. Ka ga ke nan fitilun gidan gaba ɗaya ba su kai butar shayi ɗaya ci ba, abin da ke zafafawa ko sanyayawa shi ne mai cin wuta. Da wannan lissafin ne mai wayarin zai zaɓi kaurin waya, da sikwaya milimita ake auna shi, wanda aka saba shi ne 1.5 na fitilu, 2.5 na soket, 4 na esi da hita, 6 na kukar girki, wadda za ta taho daga mita zuwa akwatin bireka, wato abin da ke yanke wuta in lodi ya yi yawa, kuma 10 ko 16. In tafiyar wayar tana da nisa, misali zuwa injin jan ruwa a ƙarshen fili, sai a ƙara mata kauri don wuta tana raguwa a hanya. Kowane esi da hita da kuka a ja masa layinsa shi kaɗai da birekansa, kar a yarda a ɗana shi a layin soket.

Akwatin birekan ka sayi mai gurbi fiye da buƙatarka ta yau, in layi takwas gare ka ɗauki mai sha biyu. A ciki ka tabbata an sa wanda aka rubuta RCD ko RCCB da 30mA a jikinsa, shi ne mai yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum, bireka na gama-gari ba ya wannan aikin. Sannan atin, wato sandar jan ƙarfe da ake kafawa a ƙasa a ja wayarta mai kore da ruwan ɗorawa zuwa kowane soket. Wasu masu aikin suna tsallake ta don mai gida ba ya gani kuma fitila tana kamawa ko babu ita, ka sa a kwance maka soket biyu ko uku ka ƙirga wayoyin da idonka, uku za ka gani.

Wani abu da kusan kowa ke mantawa, ranar da aka gama binne fayif kafin birkila ya rufe, ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka ka adana. Ka kuma ce fayif ya tafi a miƙe, ko sama ko gefe daga soket, ban da karkace. Ranar da za ka buga ƙusar labule za ka gode min.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Tsohon gida muka gyara, muka ƙara esi biyu da hita, tun daga nan bireka ke ta faɗuwa musamman da dare. Wanda ya zo dubawa ya ce birekan ne ya yi ƙarami, a canza babba a huta. In bari ya canza?

Amsa: Hajiya kar ki bari, don Allah. Birekan nan da ke faɗuwa aikinsa yake yi. Mutane suna ɗauka kayan wuta yake karewa, alhali wayar da ke cikin bango yake karewa. Waya 2.5 ana haɗa ta da bireka mai amp 16 ko 20, in lodi ya wuce haka sai ya yanke kafin ta yi zafi. To in aka cire shi aka sa mai amp 40 wayar dai tana nan yadda take, ba ta ƙara kauri ba, sai ta riƙa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta tana zafi a cikin bango robarta tana narkewa a hankali babu mai gani, ke kuma kina murna an daina ɗauke miki wuta. Da dare yake faɗuwa saboda lokacin ne esi biyun da hitar suke haɗuwa, ina kyautata zaton duk a tsohon layin soket aka jona su. Maganin shi ne a ja wa kowannensu sabon layi daga akwati, a kuma duba ko babbar wayar da ta shigo daga mita za ta ɗauki ƙarin.

Tunda gidan tsoho ne ki sa a gwada wayoyin da na'urar da masu aikin ke kira mega, tana tura bolt 500 ta auna lafiyar robar waya, da ita za a san layin da za a bari da wanda za a zare, ba lallai sai an sake wayarin gidan duka ba. Ki lura da soket mai ɗumi ko wanda ya yi baƙi, da warin ƙonewar roba, da fitilar da ke rawa in firiji ya tashi. A buɗe akwatunan haɗi a ga ko murɗe wayoyi kawai aka yi aka naɗe da salatif. Akwai kuma tarkon kala, a tsohon tsari irin na Ingila ja ce mai wuta baƙa ce nutural, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta, a sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta shuɗiya nutural, a gidan da layi uku masu wuta suka shigo masa daga waje kuwa shuɗiyar tsohon tsari mai wuta ce, baƙar sabon tsari ma mai wuta ce. Duk mai haɗa tsohuwa da sabuwa ya gwada da mitar gwajin wuta, kar ya dogara da kala. Wajen sayen sabuwar waya kuma araha ba ta ado, akwai ta alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ki sa a kankare bakinta da wuƙa, in cikin fari ne a mayar.

Tambaya: Yallaɓai ina son sa sola da inbata amma ba yanzu ba sai na samu hali. Akwai abin da zan yi tun ana ginin?

Amsa: Akwai ɗan'uwa, kuma ba wani abu mai nauyi ba ne. Ka ce a raba maka layukan gida biyu tun daga akwati, fitilu da fanka da soket ɗin talabijin da caji a gefe ɗaya, esi da hita da kuka da wurin guga a ɗaya gefen, ranar da inbata ta zo gefen farko kawai za a ɗora mata. A binne fayif mai faɗi babu komai ciki sai igiyar jan waya, daga rufi zuwa inda batura za su zauna, wurin ya zama mai shan iska, ba ɗakin kwana ba. A bar gurbin canjoba, wato makunnin da ke raba wutarka da ta layin waje, kusa da akwatin, ko da janareta za ka fara, don in babu ita wutarka za ta iya komawa layin waje ta kama ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton an kashe.