Tambayoyinku Kan Wasanni: Wai ina dattijon nan kyaftin ɗin Kanada ya taka leda?

TAMBAYA: Salamu alaikum, barka da aiki. Dan Allah ka raba mana gardama, mun daɗe muna yinta a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu. Wannan dogon da ya ɗaura wa Kanada kyaftin a kofin duniya na Katar, mai lamba 13, ni na ce babban ɗan wasa ne shi kuma abokina ya ce ƙarya ne, tunda bai taɓa buga Firimiya ko La Liga ba to ba kowa ba ne, wai tsufa kawai aka duba aka bashi kyaftin. Waye mai gaskiya a cikinmu? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Sunan mutumin Atiba Hutchinson, kuma ka gaya wa abokinka a wannan karon kai ne ka ci gardamar, amma ka bar shi ya zauna ya karanta da kansa kada ku ɓata.

An haife shi ranar 8 ga Fabrairun 1983 a garin Brampton da ke kusa da Toronto, iyayensa 'yan asalin Trinidad ne. Yana ɗan shekara goma sha tara zuwa ashirin ya bar gida ya tafi Suwidin a 2003, wata ƙungiya da ake kira Öster, wacce na tabbata a gidan kallonku babu wanda ya taɓa jin sunanta. Daga nan Helsingborg ta ɗauke shi, sai kuma FC Copenhagen ta Denmark a 2006, kuma a nan ne ya fara zama mutum, don ya ci kofin lig ɗin ƙasar sau huɗu, a 2010 ma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan gasar gaba ɗaya. In abokin naka ɗan Man United ne to ka tuna masa Nuwamban 2006, lokacin da Copenhagen ta doke su ɗaya da nema a kofin zakarun Turai, Atiba yana cikin fili ranar, kuma wata ɗaya bayan nan shi ya fara zura wa Celtic ƙwallo a wasan da suka ci 3-1.

A 2010 ya koma PSV ta Holan, daidai lokacin da Ahmed Musa namu yake VVV-Venlo a gasa ɗaya. Can ne ya sha wuya gaskiya, gwiwa ta matsa masa an yi masa aiki ba sau ɗaya ba, sannan koci ya riƙa mayar da shi baya ta dama maimakon tsakiyar da ya saba, duk da haka dai ya ɗauki kofin ƙalubale na Holan a 2012. Da kwantiraginsa ya ƙare a 2013 yana da shekara 30, mutane da yawa sun ɗauka Turkiyya ɗin da ya nufa zuwa ne kawai ya ɗan tara na cefane ya jingine takalmi. Shekara goma cur ya yi a Besiktas.

Yanzu maganar da abokinka bai gane ba. Atiba ba mai yanka ba ne, ba kuma mai cin ƙwallo ba ne, aikinsa shi ne wanda muke cewa lamba shida, wato ɗan tsakiya mai taimaka wa masu tsaron baya, kuma irin wannan aikin in kana kallon gajeren bidiyo a waya ba za ka taɓa ganinsa ba. Ka lura da shi in abokan hamayya sun ƙwace ƙwallo sun taso da gudu, ba ya rugawa kan mai ƙwallon, sai ya ɗan ja baya ya tsaya a layin da za a bada fasin, mai ƙwallon ya ɗaga kai ya ga hanya a rufe ya tsaya tunani, kafin ya gama tunanin waɗannan dogayen ƙafafun sun zaro ƙwallon ba tare da an yi keta ba, sai ya miƙa wa na kusa da shi cikin taɓawa ɗaya ko biyu shikenan an juya wasa. Saboda ƙafafun nan ne magoya bayan Besiktas suka laƙaba masa sunan dabbar tekun nan mai hannuwa takwas. Lokacin da suka haɗu da Arsenal a wasan neman shiga kofin zakarun Turai a 2014, Arsenal da ƙyar ta wuce da ƙwallo ɗaya tilo ta Alexis Sanchez, kuma bayan wasan Arsene Wenger da bakinsa ya ware Atiba ya yaba masa. A ganina yabon Wenger ya fi hukuncin bencin gidan kallo nauyi, ko ya kuka gani?

TAMBAYA: Ina gaisuwa. Ni daga Garwa nake a Kamaru, ina bin Besiktas saboda ɗan garinmu Vincent Aboubakar. Kofi nawa shi Atiba ya ci a can, kuma sun taɓa ci tare?

AMSA: Mutanen Garwa muna amsawa. Ya ci lig ɗin Turkiyya sau uku, 2016 da 2017 ƙarƙashin koci Şenol Güneş, sai 2021 ƙarƙashin Sergen Yalçın, kuma biyu daga ciki, wato na 2017 da na 2021, tare da Aboubakar ɗinku aka ɗaga. Na 2021 ɗin nan shi ne mai tsayawa a rai, don Besiktas da Galatasaray maki 84 kowacce suka gama, bambancin ƙwallo ɗaya tak ya raba su, kuma Atiba ne kyaftin yana da shekara 38 yana zirga-zirga a tsakiya kamar ba shi ba, a kakar suka haɗa da kofin ƙalubale. Akwai ma wani ɗan Kanadan a gaba, Cyle Larin, shi ma ɗan Brampton, ya ci 19 a lig a wannan kakar. Kada kuma ka manta da kakar 2017 zuwa 2018 da suka ja ragamar rukuninsu a kofin zakarun Turai ba a doke su ko sau ɗaya ba, alhali akwai Porto da Monaco da Leipzig a ciki, sai Bayern ce ta zo ta yi musu kaca-kaca a zagaye na gaba. Mu ma nan Najeriya muna da alaƙa da ƙungiyar tun da can, Daniel Amokachi ɗan Kaduna ya buga mata daga 1996.

TAMBAYA: Malam me yasa 'yan ƙwallon Kanada suke fita waje alhali ƙasarsu akwai kuɗi? Na ɗauka mu talauci ke korar namu. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malama tambayarki ta yi ma'ana. Kuɗi akwai, gasar ce babu. Lig ɗin ƙwararru na ƙasar ya ruguje a 1992, ba a sake samun nasu na kansu ba sai 2019, ita ma Toronto FC sai 2007 ta shiga gasar MLS ta Amurka, to yaro kamar Atiba da ya tasa a 2002 ina zai buga? Ga shi hankalin mutanen ƙasar ya fi karkata kan wasan hoki na kan ƙanƙara. Dole ya ɗauki jaka. Abin da ya bambanta shi da wasu shi ne bai yi tsalle ya faɗa babbar ƙungiya ya je yana ɗumama benci ba, duk inda ya je wurin da za a saka shi ne, daga ƙarama zuwa wacce ta ɗan fi ta.

TAMBAYA: Ya taɓa cin ƙwallo a kofin duniya kuwa? Kuma yana buga wasa har yanzu? Daga Zongo, Kumasi.

AMSA: Bai ci ba, amma saura ƙiris, kuma sai ka san abin da ya sha kafin ya kai can za ka ji zafin abin. Tun Janairun 2003 yake buga wa Kanada, shekara kusan ashirin yana tsallako teku daga Turai a fitar da su ya koma. A 2007 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin nahiyarsu ya farke wa Amurka a mintin ƙarshe, aka ɗaga tuta wai satar gida, alhali ƙwallon daga kan ɗan bayan Amurka ta zo masa, aka tashi 2-1. A 2012 canjaras kawai suke nema a Honduras su wuce zagaye na gaba na neman gurbin kofin duniya, aka ɗura musu 8-1. Sau shida ana bashi kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Kanada a shekarun da tawagar ba ta da abin nunawa, sai da su Alphonso Davies da Jonathan David suka taso, John Herdman ya karɓi horarwa, sannan suka samu zuwa Katar a 2022, karon farko tun 1986.

Ya je yana da shekara 39, in ka cire masu tsaron raga babu wanda ya girme shi a gasar, har Pepe na Portugal ma Atiba ya girme shi da 'yan kwanaki. Wasan Kuroshiya shi ne na ɗari da ya buga wa ƙasarsa, kuma nan kam zan ɗan ba abokin mutumin Fagge gaskiya, don ya dawo daga jinya bai buga wasanni da yawa ba, su Modric da Kovacic suka yi ta wucewa ta gefensa aka ci su 4-1, ni a ganina laifin koci ne da ya bar shi a fili har tsawon wannan lokacin. A wasan Maroko daga benci ya shigo, ana 2-1 aka bugo kwana ya tashi ya sa kai, ƙwallon ta daki ƙarfen sama ta dira kan layi ta fito, na'ura ta nuna ba ta gama tsallakawa ba.

Ya jingine takalmi a watan Yunin 2023, bayan ya bar Besiktas, da wasa 104 a rigar Kanada.