Kafin ka sayar da tsohuwar Kombi, fara da inji

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka gaji tsohuwar motar Volkswagen Kombi mai gado da murhu a ciki, ta daɗe a ajiye a unguwar Birni ta Damagaram, kana tambaya ko da fenti za ka fara kafin ka sa ta kasuwa.

A'a, fenti ne na ƙarshe. Injinta a baya yake, kuma iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Da zafin Damagaram da ƙurar hunturu, dole makanike ya wanke fanka, ya canza bel da baƙin mai, ya zubar da tsohon esansi. Tiyon esansi kuwa tabbas ya bushe. Canza shi tun kafin a tayar da motar, domin shi ke yawan jawo gobara a irin waɗannan motoci. Haka tiyon gas na murhun. Sai birki da tayoyi.

Don Allah kada ka ɓalle katakon ciki na asali. An daina ƙera Kombi tun 2013 a Burazil, masu nemanta asalin suke biya.

Ka haɗa takardun duwan da na mallaka. Kayan gyaran da ka rasa a nan, a nemo maka a Kano.