Esina (AC, na'urar sanyaya ɗaki) yana ɗigar da ruwa a cikin ɗaki, gas ne ya ƙare?

Ɗan'uwa, da wuya gas ne. Yawanci tiyon da ke fitar da ruwa waje ne ya toshe, sai ruwan ya cika farantin da ke cikin esin ya malalo a bango.

Fara kashe wutar esin daga soket, ba da rimot kaɗai ba. Zagaya bayan ɗaki ka duba bakin tiyon, domin zanzaro na son gina gidansa a wurin. Idan ba shi ba ne, to ƙurar hunturu ce ta haɗu da danshi ta zama kauri kamar majina. Buɗe murfin gaba, ka cire ragar da ke tace ƙura, ka zuba ruwan ɗumi a hankali cikin farantin. In bai fita waje ba, cire tiyon ka hura shi da famfon keke. Kada ka zura waya, tana huda tiyon.

Ragar kuwa, don Allah wanke ta duk sati 2 lokacin ƙura. Ka tabbata tiyon ya gangara ƙasa ba lanƙwasa, kuma bakinsa bai nutse cikin bokitin da kake tarar ruwan ba. In ka ga ƙanƙara a jikin ƙarfen ciki, to a nan ne za ka kira mai gyara.