Yusufu da Joseph: amsa ga Baffa

Baffa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Saƙonku ya iso, na saurare shi har sau biyu. Kun ce wani ya dawo daga nan ya ba ku labari wai 'ya'yan Hausawan Amurka sunayen Yahudu suke amsawa, har ɗana Yusuf ma, takwaran mahaifinmu, Joseph ake ce masa a makaranta. Ba zan ce mutumin ya yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya kawo muku.

Bari in fara da yadda muke raɗa suna a nan Bronx, cikin birnin New York. Asibiti ba ya jiran kwana bakwai. Yawanci kafin a sallami mai jego an cike takardar haihuwa, saboda haka uba yakan yi wa jariri huɗuba tun a gadon asibiti, ya rubuta sunan, sannan shi da uwar su kama bakinsu. Taron suna sau da yawa sai ya koma Asabar ko Lahadi, don mai tuƙin tasi da mai aikin dare ba sa samun sukuni a tsakiyar mako. Rago kuwa, wasu su je mayanka ta halal, wasu su aika kuɗi gida a yanka a ranar, kamar yadda na yi kuka kuma shaida. Mukan haɗu a masallaci, 'yan zangon Kumasi da Accra, mutanen Maraɗi da Damagaram, da mu Kanawa, a raba goro da dabino, liman ya faɗi suna.

In kuka zauna a irin wannan taro za ku ji Yusuf, Dauda, Adamu, Nuhu, Haruna da Zakariyya suna ta maimaituwa. Iyaye na son sunan da liman zai yi farin ciki da shi, malamar makaranta kuma ba za ta karya harshe a kansa ba. Sunayen annabawan nan kowa ya san su a ƙasar nan, kowane da irin lafazinsa.

Ma'anar sunan kuwa, shekara arba'in na yi a duniya ban sani ba. Ranar da muka kai yaron awon farko, likitan wani dattijo ne Bayahude, da 'yar ƙaramar hula a tsakiyar kai. Ya duba takarda, ya ɗago ya ce, "Yosef." Sunan kakansa ke nan, in ji shi. Ya ce a Ibrananci kalmar na nufin "ya ƙara", wato Allah ya ƙara. Sai na ji tsigar jikina ta tashi, domin addu'ar da mata suka yi ta yi wa mai ɗakina ke nan a wajen barka: Allah ya raya, Allah ya ƙaro na baya.

Daga baya na bincika. A littafinsu na Farawa, sura ta 30, an ce Rahila matar Yakubu ta daɗe ba ta haihu ba, alhali yayarta Lai'atu, wadda kuma kishiyarta ce, tana ta haihuwar maza. Da ta samu ɗa, sai ta sa masa suna tana roƙon Ubangiji ya ƙara mata wani. Aka ƙara mata Binyamin, a wajen haihuwarsa ta rasu. Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, kuma na san ƙa'idar malamai kan labaran Bani Isra'ila, ba mu gaskata ba mu ƙaryata. Amma ma'anar kalma magana ce ta harshe. Mu da muke da Tanko da Delu da Ajuji, sunayen da ke faɗin halin da uwa ta shiga, ba baƙin wannan ba ne.

Al'adarsu ma ta ba ni mamaki. Namiji a rana ta takwas ake yi masa kaciya, a nan ake bayyana sunansa. Waɗanda kakanninsu suka fito daga gabashin Turai ba sa yi wa mai rai takwara, sai wanda ya rasu.

Sunan ya ratsa duniya. Mai shagon kusa da mu, mutumin Jamhuriyar Dominika, José ne. Italiyawa su ce Giuseppe, mu mu ce Yusufu ko Isuhu, ko mu sakaya mu ce Maitama, kamar marigayi Ɗan Masanin Kano. Shugaban Amurka da ya sauka a 2025, Joe Biden, cikakken sunansa Joseph. Sunaye nawa suka yi tashe a nan suka wuce, wannan bai tsufa ba.

Mu kuma da muke zaune a ƙasar wasu, muna da dalilinmu na daban. Suratu Yusuf, sura ta 12, mai aya 111, wadda Allah ya kira mafi kyawun labari, labarin yaro ne da aka raba da ubansa aka kai shi Masar. Ya tashi a gidan da ba nasu ba, cikin mutanen da ba addininsa suke yi ba, aka jarrabe shi da mace, aka jefa shi kurkuku, bai canza ba. Da ya samu iko kuma bai manta gida ba, ya ciyar da 'yan'uwan da suka jefa shi rijiya. Manzon Allah (SAW) ya kira shi mai karamci ɗan mai karamci ɗan mai karamci ɗan mai karamci. Baffa, uban da ke renon ɗa a New York, me zai roƙa masa da ya wuce wannan?

Ba zan ɓoye muku ba, akwai yaranmu da ke barin abokai su mayar da su Joe don kada a gan su daban, kuma abin yana damuna. Nawa ya gwada haka a aji uku. Na je makarantar da kaina, na roƙi malamarsa ta riƙa kiransa Yusuf, ta maimaita sau uku a gabana har ta iya. A gida kuwa Abba muke ce masa, uwarsa ba ta taɓa kama sunan surukinta ba.

Yanzu yana aya ta 20 a haddar surar. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan sa ya karanta muku a waya, ku gyara masa inda ya karkace. A gaida Goggo da yara.